Jarumin Da Ya Faɗi Gwajin Ido

Masoya littattafan zane na Amurka ba sa gajiya da musu kan jarumin da ya fi kishin ƙasa. 'Yan Superman suna da hujja. A 1940, cikin mujallar Look, gwaninsu ya damƙo Hitler da Stalin, ya kai su Geneva a yi musu shari'a. Shafi biyu kacal, yaƙi ya ƙare.

Da Amurka ta shiga yaƙin gaske, Clark Kent, wato Superman cikin kayan farar hula, ya je wurin ɗaukar soja a 1942. Aka zo gwajin ido. Bawan Allah ya huda bango da kallo, ya karanto allon ɗakin da ke gefe. Likita ya ce ba ya gani, ya koma gida.

Magoya bayansa sun ce ai niyya ake dubawa.