Ranar da Shanu Suka Ja Bajamushiya

A Gaya, in kana neman wanda ya fi kowa sanin mota, kada ka ɓata lokacinka a gareji. Je teburin mai shayi ka nemi wanda ko keke bai taɓa mallaka ba. Ban ga laifinmu ba. Tarihi ya ce daga garin nan maƙera suka tashi zuwa Dutsen Dala neman tama, shi ya sa kowane ɗan Gaya yake ganin ƙarfe gadonsa ne.

Da na sayo Golf 3 'yar Beljiyam, kowa ya tofa albarkacin bakinsa. Baffana, wanda ya yi direba tun Fijo tana fitowa sabuwa dal daga kamfanin Kaduna da aka buɗe a 1975, ya ce tun daga 504 ba a ƙara yin mota ba, saura duk gwangwani ne. Wani ya ce ai Toyota ce mota, ko ruwa ka ɗura mata sai ta kai ka gida. Na ce motar da Bajamushe ya fara ƙerawa a 1991, kuma har gobe tana jigilar fasinja a hanyar Wudil, ba ta cancanci raini ba. Balle tun da aka cire tallafin mai a 2023, tambayar da ta rage ita ce nawa take sha.

Da kaka aka ce in kai amarya Ajingi. Gwaggonta a gaba, amarya da ƙawaye a baya, tukwane da garin ɗanwake a but. Sauran motocin suka yi gaba. Mun bar gari, babu gida gaba babu gida baya, sai Bajamushiya ta yi tari, ta yi shiru.

Kafin in ɗaga bonet, malamai sun hallara. Wani mai babur ya ce fulogi ne. Wani mai rake, yana tauna, ya ce lagireto. Gwaggo ta ce, "Ɗan nan, bar wahalar da kanka, wannan aikin uwargida ne." Na kira makanikena. Ya ce, "Oga, kara wayar a jikin injin in ji." Na ce ai injin ba ya tashi. Ya ce, "Shi ke nan, na gane, famfon mai ne."

Aka koma turi. Ƙawayen amarya, da leshi da ɗaurin da aka biya kuɗi aka yi, suka kama tura mota suna tsine wa duk wanda ya zaɓe ni. Ban ce uffan ba. Can sai ga wani bawan Allah da amalanken shanu. Ya dubi motar, ya tambayi nawa na saye ta, na faɗa. Ya jinjina kai ya ce bijiminsa na dama ya kusa haka a kasuwar Wudil, kuma shi bai taɓa ƙin tashi ba. Ya ɗaura igiya.

Haka muka shiga Ajingi dab da magariba: shanu a gaba, ni a bayan sitiyari ina murzawa don kada a ce ba na komai, yara suna bin mu, mata suna rangaɗa guɗa. Har wata tsohuwa ta sa mini albarka, wai na dawo da al'ada.

Daga nan aljihu ya fara bayani. Na je Ƙofar Ruwa na sayo famfon mai, mai shago ya rantse daga jikin mota aka ciro shi a Turai. Aka sa, shiru. Aka ce kwayil ne, aka ce batir ne. Fulogin mai babur ma sai da na saya, don kada ya zama shi ne mai gaskiya. Lagireto kaɗai ya tsira.

A ƙarshe wani yaron rewaya, wanda sai ya taka dutse yake leƙa injin, ya zura hannu ta bayan batir ya zaro tsumma, ɓawon gyaɗa da guntun waya. Ashe ɓera ne ya tare tun lokacin da maƙwabcina ya jibge buhunan gyaɗa kusa da inda nake ajiye mota. Yaron ya haɗa wayar, ya naɗe da salatif, mota ta tashi bugu ɗaya.

Makanike ya gyara tsayuwa ya ce, "Ai tun a waya na ji alamar haka." Ya karɓi kuɗin aiki, ya ba yaron na shayi, sannan ya tambaye ni ko zan sayar masa da tsohon famfon, tunda lafiyarsa ƙalau.