Gangara Ba Ta Ɓoye Hali

An saba cewa wahala ce ke tona asirin mutum. Duk wanda ya san hanyar keken da ta taso daga mashigar Reschen, inda Italiya ta yi iyaka da Ostiriya, ta bi Kogin Adige ta cikin kwarin Vinschgau har garin Meran, zai yi wa wannan magana gyara. A kan hawa kowa ɗaya ne: baki a buɗe, ido a kan tayar gaba, babu mai sauran numfashin da zai yi fankama da shi. Ita kuwa wannan hanya, tsawonta wajen kilomita 80, ta faro ne daga tsayin mita 1,500 ta sauka zuwa mita 300 da 'yan kai. Ƙasa ce da kanta ke tura ka, naka dai riƙe birki. To da zarar ƙafa ta huta, sai hali ya samu sarari ya miƙe. Rumawa sun shimfiɗa hanyarsu ta Via Claudia Augusta ta cikin wannan kwari a zamanin Sarki Claudius, wajen shekara ta 46 Miladiyya, saboda sojoji da fatake. Yau kuwa ta zama kasuwar baje kolin halayen 'yan Adam.

Sarkin kasuwar shi ne Mai Lissafi. Tun daga nesa za ka gane shi da matsattsiyar rigarsa mai ɗauke da sunayen kamfanonin da ba su san da zamansa ba. Ya cire wa kekensa kariya, ya cire jaki, ya sayi sirdi siriri kamar bakin lauje, duk don ya rage 'yan giram, alhali tumbin da ya ɗora a kai ya isa a yi masa kuɗin mota daban. A kan keken akwai 'yar na'ura mai faɗin akwatin ashana, ita ce alƙiblarsa. Dutsen Ortler, mai tsayin mita 3,905, zai bayyana da farin rawaninsa na ƙanƙara, kowa ya saki baki, shi kuwa yana duba bugun zuciyarsa. Tambaye shi abin da ya gani a hanya, sai ya karanto maka lambobi. Ba ya gaisuwa, tambaya yake yi: “Daga ina ka taso? Awa nawa ka yi?” Amsarka ba ta dame shi ba, ƙofa ce kawai yake nema ya faɗi tasa. Idan ya tuna bai danna na'urar ba sai bayan kilomita biyar, zai juya ya koma, domin a wurinsa tafiyar da ba ta shiga manhajar Strava ba, ba a yi ta ba. Takalminsa a maƙale yake da feda, shi ya sa in ya sauka shan kofi yake tafiya ƙwas-ƙwas kamar agwagwa a kan siminti. Mafi daɗin kallo shi ne lokacin da ya zo tsayawa ya manta bai zare ƙafa ba: zai yi tsaye cak na daƙiƙa ɗaya, idonsa ya raina fata, sannan ya tafi gefe a hankali kamar buhun gero da aka jingina ba daidai ba. Da ya tashi, keken zai fara dubawa, gwiwa ta jira. Kuma duk sa'ad da wata tsohuwa mai kwandon burodi ta wuce shi, amsarsa a shirye take: “Yau sassauta ƙafa nake yi, jiya na hau Stelvio.” Hawan mashigar Stelvio daga garin Prad lanƙwasa 48 ne, zuwa tsayin mita 2,757. Da duk masu cewa sun hau shi jiya sun hau, da tuni dutsen ya lotsa.

Sauran ba sa buƙatar dogon bayani. Akwai Mai Hoto, wanda birkinsa ba ya sallama. Da ya hango hasumiyar cocin Graun tsaye a cikin tafki, sai ya gicciye keke a kan hanya, ya ɗaga yatsu biyu yana murmushi, bai san ƙauye guda ne ruwan madatsa ya haɗiye a wurin a 1950 ba. Akwai Mai Kayan Duniya, da jakunkuna huɗu da tanti da risho da wanki yana shan iska a baya, wanda ya taso tun daga Jamus, yana kallon masu tafiyar yini ɗaya kamar yadda alhajin ƙasa ke kallon alhajin jirgi. Akwai Uban Gayya, yana jan tirelar yara, yana rantse wa iyalinsa cewa “saura kaɗan” tun daga garin Mals. Akwai ma'aurata masu keke mai sirdi biyu, na gaba yana yabon yadda suke da haɗin kai, na baya ya daina taka feda tun daga garin Schlanders. Sai Mai Ciki, wanda ba ya ƙirga hanya da kilomita, da gidajen abinci yake ƙirgawa.

Mai Lantarki kuwa sai an ɗan tsaya a kansa, domin shi ne wanda ake yawan kai ƙara. Dattijo ne mai furfura, zaune ɗas kamar a falonsa, ya wuce ka a ɗan tudun da kake haki, ko gumi babu, ya waiwayo ya ce, “Ai ban ma kunna ba.” Masu tsattsauran ra'ayin keke suna cewa shi ya ɓata hanyar, wai da can sai mai ƙashin arziki ke zuwa nan. Wannan ƙorafi bai da ƙafa. Dokar Tarayyar Turai ta ƙayyade ƙarfin injin irin wannan keke a wat 250, kuma yana daina taimako da zarar gudu ya kai kilomita 25 a awa, gudun da Mai Lissafi ke wucewa kullum a gangara ba tare da wani ya kai shi ƙara ba. Batir ya dawo wa tsofaffi da masu ciwon gwiwa tsaunukan da shekaru suka ƙwace musu, kuma wannan alheri ne. Abin da ya yi kawai shi ne ya mayar da hawa ma gangara, don haka halin mutum ke fitowa ta kowace fuska. Mai kirki ya buga ƙararrawa ya gaishe ka da “Servus”, mai fankama ya yi ƙaryar bai kunna ba. Bari batirin ya mutu saura kilomita goma, keken ya koma masa jakin da ya ƙi tafiya, ka ga yadda tawali'u ke dawowa da gudu.

Wani zai ce hanyar ai ba gangara ce zalla ba, akwai wahalarta. Gaskiya ne, kuma wahalar ce ma babbar shaida. A kwarurrukan tsaunuka, in rana ta yi zafi, iska kan taso daga ƙasa ta haura sama, ta tare mai gangarowa a ƙirji. A wannan lokaci duk waɗannan azuzuwa rushewa suke yi. Mai Lissafi ya laɓe a bayan jakunkunan Mai Kayan Duniya yana neman mafaka, Mai Hoto ya mayar da waya aljihu, na bayan keke mai sirdi biyu ya tuna yana da ƙafa. Haka kuma, da yake Vinschgau na cikin kwarurrukan Alps mafi ƙarancin ruwan sama, manoma na ban ruwa da injinan feshi masu juyawa, kuma injin bai san rigar mai tsada ba. In ya juyo kan hanya, kowa ya jiƙe, kowa ya yi ihu iri ɗaya. Iska na lafawa, riga na bushewa, sai kowa ya koma ajinsa. Wani kuma zai ce mutane sun biya kuɗinsu sun zo hutu, ina ruwan wani da yadda suke hawan kekensu? Wannan ma da gaskiyarsa, shi ya sa dariyar da ake yi musu ba ta da dafi. Duk waɗanda aka lissafa, in sun cuci wani, kansu suka cuta, ko aljihunsu, ko gwiwarsu.

Mutum ɗaya ne ya fita daga wannan afuwa, shi ne Mai Gonar Babansa. Daga wajen Laas, garin farin dutsen marmara, har zuwa Meran, hanyar ratsa gonakin tuffa take yi, itatuwa a jere a kan waya, 'ya'yan na reto daf da kafaɗarka a watannin Satumba da Oktoba. Shi sai ya miƙa hannu yana tafe ya fizgo, reshe ya biyo shi, ya gatsa sau biyu ya jefar. Wani ma tsayawa yake ya cika jaka. In tarakta ta fito daga gona za ta tsallaka, ya yi tsaki, wai an tare masa hanya. Hujjarsa kullum ita ce “ai guda ɗaya ce, ga su nan dubbai.” Duk wanda ya taɓa noma a bakin hanya, ko rake ne ko mangwaro, ya san amsar: kowane mai wucewa guda ɗaya yake ɗauka, kuma masu wucewa ba su da iyaka. Layin da ke bakin kwalta shi ma wani ya dasa shi, ya yi masa aski da hunturu, ya kwana yana fargabar sanyin bazara, ya lulluɓe shi da raga saboda ƙanƙara. Ba yunwa ce ta sa mai fizgar ba, domin wanda ya hau keken da kuɗinsa ya isa sayen saniya ba zai rasa na tuffa ba. Raini ne kawai, na mutumin da ya ɗauka an shimfiɗa kwarin ne don hutunsa, manoman ciki kuma ado ne. Wannan ba ya ba ni dariya ko kaɗan.

Saura aji ɗaya, kuma adalci ya hana a tsallake shi: Mai Sa Ido. Shi jirgin ƙasan Vinschgau, da aka sake buɗewa a 2005, yake hawa daga Meran ya kai shi Mals a zaune, ya yi hayar keke a tasha, ya gangaro 'yan kilomita ba tare da sarƙa ta san da shi ba, ya shige Glurns, ɗan garin nan mai ganuwa da ƙofofi wanda mazaunansa ba su kai dubu ba. Nan zai samu inuwa da kofi ya shiga raba bayin Allah aji-aji, daga baya ma har ya rubuta. Ba sai an faɗi waɗanda ke cikin wannan aji ba, mun san kanmu, kuma gangarar ce ta tona mu kamar yadda ta tona sauran.

Don haka mai karatu, in Allah ya kai ka wannan kwari, kada ka wahalar da kanka wajen ɓoye hali, hanyar ta fi ka wayo. Ka zama duk wanda ka ga dama a cikinmu, ka yi lissafinka, ka ɗauki hotonka, ka yi ƙaryar Stelvio in ta kama. Amma ka riƙe hannun dama, ka buga ƙararrawa kafin ka wuce, ka matsa gefe in za ka tsaya. Tuffar bakin hanya kuwa da mai ita, in kana so ka saya.