Yadda Na Kwashe da Tsohuwar Kwamfuta

Jama'ar Beri sun shaide ni da haƙuri, domin wanda ya shekara da shekaru yana koya wa yara nahawu ba ƙaramin abu ke tunzura shi ba; amma na haƙiƙance cewa ba a gama jarraba haƙurin bawa ba sai ranar da ya ƙudura sa wa tsohuwar kwamfuta sabuwar manhaja.

Tawa ta tebur ce, 'yar Beljiyam, tana ɗauke da Windows XP, wadda masu ita suka yi wa saki tun Afrilun 2014, ƙwayoyin cuta kuwa sun yi mata katutu saboda yawan filashar da nake kaiwa shagunan buga takardu a Kontagora. Ɗan ƙanena da ke karatu a Minna ya dube ta, ya ce, "Baffa, a sa mata Linux," ya kuma bayyana mini cewa wani ɗalibi ne a ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara ta a 1991, ya bar ta kyauta ga duk mai so. Da jin kalmar kyauta ban nemi wata hujja ba. Ya miƙa mini filasha, ya hau mota, ya bar ni da alhakin.

Da yake wuta a wurinmu ba ta da alkawari, sai na sa almajirai suka tallabe ta zuwa shagon mai cajin waya, inda nan take 'yan kallo suka kafa majalisa. Na cusa filasha, na yi bismilla, na kunna. Ta yi biris, ta buɗe Windows ɗinta. Yaron ya ce ta waya in riƙa danna F2 har in shiga BIOS, in sa filasha a gaban faifan ciki, na kuwa yi. Sai dai duk sa'ad da janareto ya yi tari ya mutu, sai ta farka ta mance da dukkan wasiyyata, tana da yaƙinin cewa har yanzu muna shekarar da aka ƙera ta, tamkar Ashabul Kahfi da suka tashi da tsohon kuɗi suna neman abinci.

Da ta yarda ta karanta filashar, sai Ubuntu, nau'in Linux ɗin da ke cikinta, ta ƙi, wai ita ta masu bit 64 ce, ƙwaƙwalwar tawa kuwa 32, alhali tun 2017 aka daina fitar da faifanta na tebur na irin waɗannan. Muka koma antiX, wadda aka gina a kan Debian don tsofaffin na'urori, na sauko da ita ina tsaye bisa tudu, hannu a sama, ina roƙon sabis. Ita kuma ta buɗe da baƙin allo ƙirin, har sai da yaron ya karanto mini nomodeset harafi harafi, kuɗin wayata na zuba.

Aiki ya kai ga rubuta GRUB, ɗan saƙon da ke tada na'ura ya nuna mata manhajarta, sai mai ya ƙare a janareto. Da aka ƙaro, babu Windows, babu Linux, sai kalmomi biyu, grub rescue, da ɗan layi yana ƙyafta mini ido. Wani dattijo ya matso, ya ce, "Malam, wannan ba aikin boko ba ne, iska ce," ya tofa mata addu'a ta ramin fanka, da yawu mai yawa.

Ranar da na kai ta Kontagora, mai gyara bai ko saurari ƙarshen bayanina ba. Ya kwance murfi, ya ɓamɓaro wani batiri mai faɗin kwabo, CR2032, wanda shi ne ke riƙe mata agogo da tsarin BIOS, ya sa sabo, ya maimaita aikin kafin la'asar. Kuɗin motar da na biya mata, domin direba ya ce kujerar mutum guda ta ci, ya ninka na batirin.

Dattijon nan kuwa har yau yana shelar cewa tofinsa ne ya tashe ta, kuma duk Juma'a sai ya biyo karɓar goronsa.