Yadda Bijimin Kawu Ya Nemi Jami'a a Amurka

A Najeriya mai neman jami'a ba ya ba da tarihinsa. JAMB za ta zaunar da kai gaban kwamfuta, ka zaɓi A ko B, ka kama gabanka. Amurkawa kuwa sai sun ji labarinka. Shafin Common App, wanda jami'o'i sama da 1,000 ke karɓar ɗalibai ta cikinsa, yana son rubutu da Turanci wanda bai gaza kalma 250 ba, bai kuma wuce 650 ba. Akwatin rubutun ba ya jin "don Allah".

Ni kuwa tarbiyyar WAEC gare ni, inda ake neman kalma 450 kuma malamai ke koya mana jan magana har ta kai. Ga shi an haife ni a Runka, inda ba a shiga zance ba gaisuwa. Don haka da na zo rubuta nawa, na yi wa shugaban jami'ar da nake nema sallama, na tambayi iyali da gajiya, na yi masa jajen sanyin ƙasarsu. Sannan na kwatanta masa garinmu: ƙaramar hukumar Safana, bakin dajin Rugu, maƙwabtan Batsari, in ya taso daga Katsina ya biyo ta Dutsin-Ma. Na ci kalma 700 ba a ma haife ni a cikin labarin ba.

Na hau mota zuwa Dutsin-Ma wajen wani mai shagon intanet. Ya duba, ya ce, "Malam, wannan ai littafi ne." Ya yanke gaisuwa, ya sare dajin Rugu, ya bar ni da burina na karanta aikin gona. Muka tsaya a 648. Na dawo gida ina taƙama, bayan isha'i na zauna tsakar gida ina fassara wa mutanen gidanmu.

Ban kai rabi ba Kawu ya ɗaga hannu. "Tsaya, ɗan nan. Ina bijimin da na kai kasuwar Runka na biya maka kuɗin jarrabawa?"

"Allah ya ba ka haƙuri, Kawu, wuri ne babu."

"Amurkar ce ba ta da wuri?"

Inna ta ce ita ba komai, kokon da ta yi shekaru tana dama mini da asuba Allah ya gani. Kaka kuwa salati ta saka. "Ka je roƙo gidan mutane ba ko sallama? Sai su ce ba ka da manya!"

Washegari aka kafa kwamiti a zaure, aka raba kalmomin nan kamar gado. Gaisuwa ta koma mazauninta da kalma 120. Inna ta samu 100. Abokiyar zamanta ma 100, domin Baba ya ce ba za a ɗora masa rashin adalci a ƙasar waje ba. Malaminmu na allo ya samu 90. Bijimi ya tashi da 200, har da launinsa da tsawon ƙahonsa da yadda aka yi cinikinsa. Ni mai neman karatun aka bar mini 40, suka ishe ni faɗin sunana da cewa ina da ladabi.

Da amsa ta zo, jami'ar ta yi godiya, ta ce masu nema sun yi yawa bana. Kawu ya ce ba mamaki, tunda ba a haɗa da hoton bijimin ba.

Ɗan'uwa mai niyyar cike wannan fom, ana buɗe shi ne ranar 1 ga Agusta kowace shekara. Ka rubuta, ka rage, ka tura, sannan ka karanta wa mutanen gida.