Wai Nova Gorica Ba Gari Ba Ce, In Ji Masu Gardama

To, masu gardama, ku gyara zama. Na san ku sarai. Da an ce muku ga wani gari a Turai da aka zana a takarda kafin a kafa tubalinsa na farko, sai ku taɓe baki ku ce wannan ai bariki ne, gari kuwa sai mai ganuwa da kushewar kakanni. Madalla da wannan hikima. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, rabinku daga Abuja kuke wannan taɓe bakin, garin da aka yanke shawarar gina shi a 1976, gwamnati ba ta tare ba sai 1991. Nova Gorica ta girme shi da kusan shekara talatin, don haka a riƙa girmama na gaba.

Ga yadda aka yi. Akwai tsohon gari mai suna Gorizia a bakin kogin Soča, inda tsaunukan Alps ke gangarowa su nufi tekun Adriyatik. Ya daɗe a hannun Ostiriya, Italiya ta karɓe shi bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Da aka gama na biyu, manyan ƙasashe suka zauna a Paris a 1947 suka ja layi: cikin gari na Italiya, ƙauyukan gabas da ke kawo masa kayan lambu da itace kuma na Yugoslabiya. Manomi ya wayi gari kasuwarsa da asibitinsa da kotunsa duk sun koma ƙasar waje. Abin da ya rage wa ɓangaren Yugoslabiya shi ne tashar jirgin ƙasa da aka buɗe a 1906, da 'yan unguwannin bayan gari. Sai gwamnatin Tito ta Yugoslabiya ta ce ba komai, za mu gina namu, wato Nova Gorica, kuma sai ya haska har na tsallake su gani.

Na ji Alhaji can baya yana cewa, "Ka ji ko? Garin hushi ne, garin gasa da kishiya." Ranka ya daɗe, ban musa ba. Har wata ƙatuwar jar tauraruwa suka kafa a kan tashar, tana kallon Italiya, don kada maƙwabci ya manta da wanda ke zaune kusa da shi. Amma ka bari in kai aya.

Mai zanen garin, Edvard Ravnikar, ya taɓa aiki a ofishin shahararren mai zanen gine-gine Le Corbusier a Paris, ya kuma dawo da ra'ayin maigidansa: hanya miƙaƙƙiya mai faɗi, dogayen gidaje a warwatse cikin bishiyoyi, iska da hasken rana ko'ina. A 1948 aka fara aiki, da ƙungiyoyin matasa da aka kwaso daga sassan Yugoslabiya, da shebur da baro. Filin da aka zaɓa tabo ne, kusa da wurin gasa bulo, wani ɓangarensa kuma tsohuwar maƙabartar Gorizia ce. Kun ce gari sai da kushewar kakanni, to ga shi an gina wannan a kanta ɗungurungum, sai ku nemi wata hujjar. A 1948 ɗin dai Tito ya ɓata da Stalin, aljihun gwamnati ya yi sanyi, zanen Ravnikar ya tsaya a rabi. Abin da ya biyo baya ƙari ne a kan ƙari, kowane zamani da irin gininsa.

Nan ne nake so ku buɗe kunne, domin duk abin da ya sa nake ganin garin da daraja ya faru ne a inda tsarin ya gaza. An gina shi ya juya wa Gorizia baya, mutanensa kuwa ba su taɓa yarda ba. Ranar Lahadi, 13 ga Agusta 1950, aka ba da dama 'yan uwan da layi ya raba su gaisa a mashigar Casa Rossa. Dubban mutane suka taru, suka ture shingen, suka kwarara cikin Gorizia. Masu kanti suka buɗe duk da ranar hutu ce. Da yamma jama'a suka koma gida da kansu, ba wanda ya kore su, ɗauke da kofi da zare da allura, da kuma tsintsiya a kafaɗa, wadda ta yi ƙaranci a ɓangarensu. Har yau da sunan tsintsiyar ake tuna wannan rana. Hajiya, na ga kina dariya, ke ce kika fi kowa sanin abin da rashinta ke yi wa gida.

Daga 1955 aka fara ba mazauna bakin iyaka takardar ƙetarewa, fasa-ƙwauri kuma ya zama sana'ar kowa da kowa. Nama da man shanu su tafi yamma, kofi da wandon jins su dawo gabas, a ƙarƙashin siket, a cikin sirdin keke. Yau akwai ɗan gidan tarihi na fasa-ƙwauri a tsohon ofishin kwastan na Pristava. Mutanen Illela da Konni, kada ku sunkuyar da kai, ba da ku nake ba.

Wanda ya ce ƙarya nake sharara wa, ga wadda ta fi. A ƙauyen Miren, kudu da garin, layin 1947 ya ratsa ta tsakiyar maƙabarta, har ya bi ta kan wasu kaburbura, mamaci ɗaya ya kwanta a ƙasa biyu. Sai a tsakiyar shekarun 1970 aka gyara. Ku je ku gani, an bar alamar layin a ƙasa.

Sai batun yanayi, inda na san za ku ce Turai ai firji ce. Wannan kusurwar ba haka take ba. Ɗumin teku yana hawowa ta kwari, hunturunsu mai sauƙi ne, ƙanƙara ba ta cika kwana a ƙasa ba, bazara kuma zafi har da gumi. Tun zamanin Ostiriya masu hali ke zuwa Gorizia gudun sanyin Biyana. Ruwan sama kuwa kusan milimita 1,400 a shekara, ya fi yawa a kaka. Inabi da ɓaure da zaitun da ceri duk suna yi, fure kuma har a tambarin garin akwai wardi. Amma kada ku saki jiki. Akwai iskar da suke kira burya, busasshiya mai sanyi, da ke faɗowa daga tsauni ta arewa maso gabas. Ku ɗauki iskar hunturunmu, ku cire ƙurar, ku ƙara mata mugunta. A kwarin Vipava da ke maƙwabtaka takan wuce kilomita 200 a awa, ta kifar da tirela, a rufe hanya, shi ya sa za ku ga an jera duwatsu a kan rufin tsofaffin gidaje. Mai babbar riga ya yi tunani kafin ya fita.

"To al'ada fa? Garin da bai kai shekara tamanin ba, wace al'ada gare shi?" Malam, garin ne sabo, ƙasar tsohuwa ce. A kan tudun Kostanjevica, tafiyar ƙafa daga tsakiyar gari, Charles na Goma yake kwance, sarkin Faransa na ƙarshe daga babban gidan Bourbon. An kore shi daga mulki a 1830, kwalara ta kashe shi a Gorizia a 1836. A Solkan da ke gefen garin akwai gadar jirgin ƙasa mai bakan dutse na mita 85, ba ta da ta biyu a irinta a duniya. Sojan Ostiriya sun fasa ta a 1916, Italiya ta sake gina ta a 1927. Kogin da ke ƙarƙashinta kore shar, a bakinsa aka gwabza faɗa goma sha biyu tsakanin 1915 da 1917, dubban ɗaruruwa suka mutu. Garin kansa yana da gidan wasan kwaikwayo na ƙasa da jami'a, ga mutum kimanin 13,000 kacal. A tukunyarsu akwai jota, miyar wake da dankali da kabeji mai tsami, sai dai ku tambayi abin da aka jefa a ciki kafin ku sa cokali, don naman alade ba baƙo ba ne a can.

Na san abin da kuka ɓoye a aljihu, ku fito da shi. Caca. E, gaskiya ne. Tun shekarun 1980 gidajen caca suka zama babbar hanyar kuɗin garin, Perla da Park ne manyansu, kuma yawancin masu zuwa zubar da kuɗin 'yan Italiya ne. Garin da aka gina don ya nuna wa jari-hujja iyakarta ya ƙare yana karɓar kuɗinta a teburin karta. Wannan kam kun ci ni, ba zan kare shi ba, ban kuma ce ku leƙa ba.

Sai dai kada murnar ta yi yawa. Shingen da ya raba dandalin gaban tasha biyu an cire shi a 2004, da Slobeniya, ƙasar da garin ke ciki bayan rushewar Yugoslabiya, ta shiga Tarayyar Turai, a Disamba 2007 kuma aka daina duba takardu. Da annobar korona ta sa aka sake kafa waya a 2020, mutane suka riƙa zuwa suna hira ta cikinta, wasu har da buga ƙwallo ta samanta. A 2025 garuruwan biyu suka riƙe kambun Babban Birnin Al'adun Turai tare, karo na farko da aka ba gari biyu na ƙasa biyu a matsayin abu guda. A tsakiyar dandalin akwai faifan ƙarfe a ƙasa, baƙi na tsayawa ƙafa ɗaya a Italiya ɗaya a Slobeniya ana ɗaukarsu hoto, kuma na rantse ku ma da kun je sai kun yi, har da gyara hula.

Wanda har yanzu bai gamsu ba, ya nemi biza ya sauka a Venice, jirgin ƙasa zai kai shi Gorizia cikin awa biyu da 'yan kai, sauran kuma tafiyar ƙafa ce. Ya dai riƙe fasfonsa a aljihu, domin tun Oktoba 2023 Italiya ta dawo da binciken takardu a wannan iyakar.