Bayani Gamsasshe Kan Tarbiyyar Haske

Ka sani, ya kai ɗalibi, haske halitta ce mai gaggawa, ba ta da ladabi. A sarari yana cin kilomita 300,000 a daƙiƙa guda, a cikin gilashi kuwa ya sauko wajen 200,000. Wannan raguwar ita ce kaɗai kunyar da aka san shi da ita, kuma a kanta aka gina ilimin nan gaba ɗaya.

Mas'ala ta farko ita ce ƙofa. Zaren gilashin da ke ɗauke da saƙonnin intanet yana da hanyar haske wadda faɗinta bai wuce kashi 9 cikin 1,000 na milimita ba, sai an jera kusan takwas kafin su kai kaurin gashin kai. Haske kuma in ya fito daga bakin zare watsewa yake yi kamar awaki da hantsi. Lallashi bai ci shi ba, tsawa ma haka.

Mas'ala ta biyu ita ce dabara. Ɗaura shanu biyu a amalanke, ɗaya ya taka yashi, ɗaya ya taka fako. Ba sai ka ɗaga sanda ba, amalanken zai karkata wajen mai nawa. Haka haske yake, inda tafiya ta yi masa nauyi can yake lanƙwasawa. Sai masana suka samo ɗan sandan gilashi, kaurinsa bai cika milimita 2 ba, suka tsoma shi cikin narkakken gishiri. Gishirin ya ratsa daga waje zuwa ciki kamar baba a marina, gefe ya zama fako, tsakiya ta zama yashi. Duk hasken da ya nufi gefe sai ya komo tsakiya, ya wuce, ya sake komowa, yana tafiyar maciji. In aka yanke sandan a rubu'in zagaye, hasken da ya shigo a warwatse zai fita a sahu, wanda ya shigo a sahu kuma ya taru a bakin zare.

Mas'ala ta uku ita ce fifiko. James Clerk Maxwell ya yi lissafin irin wannan gilashi a 1854, kamfanonin Nippon Sheet Glass da NEC na Japan suka fito da nasu a 1968, suka raɗa masa suna Selfoc. Muna taya su murna. Sai dai duk wanda ya tsaya bakin kwalta a Kajiji da azahar ta watan Afrilu ya ga aikin nan a shimfiɗe. Iskar da ke manne da kwalta ta fi ta samanta zafi, haske ya fi gudu a cikinta, sai ya lanƙwaso sama ya kawo maka hoton sararin samaniya a matsayin tafki. Sunanta kawalwalniya. Ta miƙe har Shagari da Boɗinga, ba ta cin lantarki, aibinta ɗaya, ba ta shiga aljihu.

Mas'ala ta huɗu ita ce fa'ida. An dafa gilashi, an goge shi, an daidaita shi da zare a ƙarƙashin madubin ƙara girma, domin saƙon ƙaninka da ke Legas ya iso maka lafiya. Saƙon yana cewa: "Yaya, ina wuni, a taimaka da dubu biyar." Bincikenmu ya tabbatar ko naira ɗaya ba ta zuba a hanya.