Tsohon Kwastoma da Ƙarin Kuɗin Intanet

Daren jiya bayan Isha'i, a majalisarmu ta ƙofar shagon tela, zancen ɗan akwatin intanet ɗin nan da gidaje da yawa a layinmu suka ajiye kusa da talabijin ne ya cinye hirar. Malamin firamare ne ya tayar da shi. Ya ce shekara biyar ke nan yana biyan kamfani ɗaya kuɗin wata, bai taɓa tsallakewa ba, amma da za a ƙara kuɗi, saƙo ɗaya tak aka turo masa a waya, sai ka ce baƙon jiya. Ƙanensa kuwa da ya sayi sabon akwati, an haɗa masa da datar kyauta.

"Malam, ai haka suke," in ji tela. "Kai kana hannu. Na waje ake zawarci."

Maganar ta tsaya mini a rai, domin mu ba haka muka san ciniki ba. Mai awon da ka saba da shi yakan ƙara maka gyara ba ka roƙa ba, ya ɗaga maka ƙafa zuwa ƙarshen wata. In buhu ya tashi, ido da ido zai gaya maka, "Wallahi Alhaji, kaya sun hau," sannan ya rage maka wani abu don kunyar sabo. Wannan halin muka ɗauka muka kai wa kamfani, muna zaton daɗewarmu na da daraja a wurinsa. Mai awo ya san sunan 'ya'yanka; kamfani lambarka kawai ya sani.

Ba na cewa ƙarin babu dalili. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara har kashi 50 cikin ɗari, alhali kamfanonin ninki suka nema. Sun kawo kukan tsadar man dizal da ke riƙe da turakun sabis, da faɗuwar naira tun 2023, ga kayan aiki da dala ake sayo su. Duk mai janareta a gida ya san ba ƙarya suka yi ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne a ɗora wa tsohon kwastoma nauyin, a kai wa sabo garaɓasa.

To, mu me muke yi? Mu yi ta ƙorafi a majalisa, wata na ƙarewa mu biya. Wani ya riƙa kashe akwatin da dare, wani ya canza lambar sirri don yaran maƙwabta, gida uku su haɗa kuɗi su sayi ɗaya. Da na tambaya wa ya taɓa kiran kamfanin ya nemi ragi, shiru aka yi. Mu da ba ma sayen albasa sai mun taya!

Wani dattijo ya ce, "Ɗana, a lunguna layi ɗaya ne ke kamawa, ina zan koma?" Gaskiyarsa. Wani kuma akwatin nasa ba ya karɓar layin kowa sai na kamfanin da ya sayar masa. Amma da yawanmu sabo ne kawai ya ɗaure mu. Tun 2013 ake iya sauya kamfani ba tare da an rasa lambar waya ba. Kuma ba kowane ƙari ne ke zama ba: a Oktoban 2024, da kamfanin intanet na Starlink ya ɗaga kuɗin wata daga naira 38,000 zuwa 75,000, NCC ta ce ba da izininta ba, dole ya dakatar da ƙarin a lokacin.

Jama'a, kafin ku biya na watan nan, ku tambayi maƙwabci nawa yake biya a nasa kamfanin, ku kira naku ku gaya musu shekarunku da su, ku nemi ragi. In sun ƙi, kuma akwai wani layin da ke kamawa a gidanku, ku koma can.